Ku Tambayi Injiniya: ƙafar dama ta gaji, mu sa wa wutsiya tirim?

TAMBAYA, daga wani bakanike a Garwa:

Salamu alaikum Baba Injiniya, ya aiki ya zafi. Ni bakaniken mota ne anan Garwa, maigidana ya yo odar ƙaramin jirgi mai kujera biyu samfurin Zenith CH 701, ya zo a akwati muka haɗa shi da hannunmu, injinsa Rotax 912 mai doki 100, takardunsa sun cika kuma shi yake tuƙawa ni ina gefe wani lokaci. Matsalar itace in ya hau sama ya daidaita yana tafiya miƙe dole sai ya danne fedar dama (feda biyu ne a ƙafa, su ke juya ƙyauren wutsiya, hanci ya yi hagu ko dama), da ya ɗaga ƙafa hancin zai fara zamewa hagu, ɗan ƙwallon nan na cikin gilashin agogo, mai nuna ko jirgi na tafiya da gefe, ya fita dama kamar rabinsa, in aka yi tafiya mai ɗan nisa har ɗingishi yake in ya sauko. Yanzu yace in nemo ɗan motan lantarkin nan sarbo a saka a ƙyauren wutsiya ya riƙa daidaitawa da maɓalli daga ciki. Wasu kuma sunce ɗan falle kawai za a lanƙwasa a buga masa ribit. Dan Allah wanne yafi, kuma wane gefe ake lanƙwasawa, dan kowa da abinda yake faɗa mana.

AMSA:

Wa alaikumus salam ƙanena, zafi kam sai godiya. Ka gaishe da Alhaji, kace masa ya ɗan riƙe kuɗin sarbon nan a aljihu tukuna.

Kai bakanike ne so bari in tambaye ka, in aka kawo maka mota tana ja hagu, sitiyari kake ɗaurewa da igiya ko ƙafafun kake dubawa? To haka abin yake anan. Tirim, wato abinda ake sawa ya riƙe ƙyauren wutsiya a madadin ƙafa, sarbo ne ko falle, ba ya gyara jirgin da aka haɗa a karkace, ɓoye karkacewar kawai yake yi, jirgin ya ci gaba da tafiya da gefe yana shan mai a banza alhali ƙafar mai tuƙi ta huta yana ganin komai lafiya. Saboda haka kafin a taɓa wutsiya akwai abinda za a bi.

Fara da ɗan ƙwallon kansa, dan sau da yawa shine maƙaryacin. Ku ajiye jirgin a daɓe mai kyau, ka ɗora lebul irin na magina a wurin da littafin haɗin ya nuna, ka sassauta iskar taya ɗaya ko ka sa katako har jirgin ya zauna daidai hagu da dama, sannan ka leƙa. In ƙwallon bai zauna tsakanin layukan nan biyu ba to agogon ne aka ɗaura a karkace, sassauta kusoshinsa ka juya shi kaɗan shikenan. In kuma allon kwamfuta ne ke nuna ƙwallon to akwai inda ake saita shi a ciki. A sama ma ana iya gwada shi: fukafukai a daidai, hanci ya kafe kan abu ɗaya can nesa ba ya motsi, ƙwallon dole ya kasance a tsakiya. Amma wannan sai da sassafe kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara tafasa, kuma ba ranar da hazon hunturu ya rufe Binuwai ba, dan in baka ganin inda sama ta haɗu da ƙasa da me zaka auna fukafukan. Kar wani yace muku ku manna zare a gilashin gaba kamar yadda masu jirgi mara inji suke yi, a jirgin da farfelarsa ke gaba iskar farfela ce zata riƙa kaɗa zaren, ƙarya zai yi muku.

Bayan nan ka rarrabe, hanci ne ke zamewa ko fiffike ne ke nauyi. Mutum ɗaya a kujerar hagu, ga tankin hagu ya fi na dama mai, jirgin zai kwanta hagu ya fara juyawa, mai tuƙi kuma ba tare da ya sani ba sai ya tare shi da ƙafa. Wannan ba ciwon wutsiya bane. Ku gwada da mai daidai a tankuna biyu, ku gwada kuna ku biyu, ku ga ko abin ya canza. Ka duba robobin da inji ke zaune akai suma, zafin garin nan yana cinye su, in ɗaya ya lotse inji ya sunkuya gefe to ja zai yi.

Yanzu ga inda nafi zargi a naku. Jiragen Zenith masu tayar gaba, feda a haɗe take da tayar gaban da sanduna, kuma in jirgi ya tashi nauyi ya bar tayar sai ƙafarta ta sauko ta zauna cikin wani tsagi mai kamar V da ke mayar da ita tsakiya. Tunda feda da taya da kebul ɗin wutsiya duk abu ɗaya ne, inda tayar ta zauna nan ƙyauren wutsiya zai zauna. In lokacin haɗi an ja kebul ɗin hagu fiye da na dama ko da kaɗan ne, to tayar tana tsakiya amma ƙyauren ya leƙa hagu, kuma Alhaji duk tafiyar nan kokawa yake da tsagin nan yana ƙoƙarin fitar da tayar daga mazauninta. Ka sa mutum ya danne wutsiya ƙasa tayar gaba ta tashi, ka koma baya ka tsugunna ka kalli ƙyauren da tsakiyar jikin jirgin. In ya karkace, maɗaurin kebul mai zare zaka juya, ka rage tsawon na dama ka ƙara na hagu daidai wa daida dan ƙarfin ɗaurin kar ya canza, rabin juyi ko juyi ɗaya a lokaci guda, ka mayar da wayar kulle, a tashi a gani. Wallahi ba mamaki anan maganar ta ƙare ba a sayi komai ba.

To in duk an bi wannan kuma har yanzu yana neman ƙafar dama, ba laifin kowa bane, halin jirgi mai farfela ɗaya ne. Rotax 912 in kana zaune a ciki farfelarsa tana juyawa ne yadda hannun agogo ke yi. Iskar da take turawa baya ba a miƙe take tafiya ba, a murɗe take, tana nannaɗe jikin jirgin har ta je ta bugi wutsiya ta gefen hagu, wutsiya ta yi dama hanci ya yi hagu. Sannan in hanci na sama kamar lokacin hawa, reshen farfelar da ke saukowa ta dama ya fi mai hawa ta hagu cizon iska, wannan ma hagu yake tura hanci. Doki 100 a jirgi mara nauyi mai tafiya a hankali kamar wannan, abin yana fitowa sosai. Kuma ka lura duka biyun da ƙarfin inji da gudu suke tafiya, shi yasa babu tirim na dindindin da zai yi daidai a ko'ina. Wuri ɗaya zaka zaɓa, wato gudun da Alhaji yake doguwar tafiya da shi, misali inji na juyi 5,000 a minti, anan za a saita. Wurin tashi da inji ke 5,800 zai taka dama kamar kullum, wurin saukowa da an rage wuta har hagu zai ɗan taka, kuma haka ya kamata, kar ya ce tirim bai yi aiki ba.

Gefen lanƙwasawa kuwa, ga shi ka rubuta a bangon gareji. Harshen tirim, wato ɗan fallen nan, kishiyar inda kake son ƙyauren ya je yake kallo. Kuna taka dama, kenan kuna son bakin ƙyauren na baya ya je dama, to harshen hagu za a lanƙwasa shi in kana tsaye bayan jirgin kana kallon hanci. Iska ta bugi harshen ta ture ƙyauren dama, ƙyauren ya ture wutsiya hagu, hanci ya dawo dama. Mutane suna ruɗewa ne dan suna ɗauka harshen ne ke juya jirgin kai tsaye, a'a, shi ƙyauren yake juyawa.

Kuma kar ka fara da huda rami. Samo ɗan katako mara nauyi ka fere shi kamar weji, tsawo santimita 10 zuwa 12, faɗi kamar 3, kaurin bakinsa milimita 6, ka manna shi a gefen hagu na ƙyauren daf da bakin baya, kaurin yana kallon baya, ka rufe shi da tef ɗin alminiyom mai kyau. Ka goge ƙura da maiƙo tukun, kuma a yi gwajin da safe gajere kusa da fili, dan a Afrilu in rana ta daki fallen nan gam ɗin tef narkewa yake. In ya yi yawa ka rage tsawo, in bai isa ba ka ƙara. Ka tuna wutsiyar 701 ba irin ta sauran bace, Chris Heintz da ya zana jirgin ya fito da shi a 1986 bai sa masa tsayayyen sashe ba, gabaɗayan ƙyauren ne ke juyawa, saboda haka ɗan abu kaɗan yana aiki da yawa. In kun samu girman da ya dace sai ko dai a manne wejin da gam na dindindin a yi masa fenti, ko a yanka falle alminiyom 6061-T6 irin na jikin jirgin, kauri milimita 0.6 zuwa 0.8, a buga shi da ribit huɗu ko biyar, a lanƙwasa tsakanin katako biyu ba da filaya ba dan filaya tana barin tabo kuma daga tabo tsagewa ke farawa. Kar a yi ta lanƙwasawa ana miƙewa, alminiyom ba ya yafe wannan. Ba abin kunya bane ba, je ka duba Cessna 172 da yawa, ɗan fallen nan ne a ƙasan wutsiyarsu, da hannu ake lanƙwasa shi a ƙasa.

Sai maganar sarbo, wadda nasan ita Alhaji yake jira. Ana yi, kamfanin Ray Allen na Amurka yana ƙera ƙanana dan irin jiragen nan kuma suna aiki. Amma ni a jirgi mai gudun kilomita 130 ko kusa a awa banga abinda zai ƙara muku ba sai nauyi da waya da abin lalacewa, kuma yana buɗe ƙofar abinda duk mai haɗa jirgi ya kamata ya ji tsoro, wato karkarwa. Duk nauyin da ka ƙara a bayan layin hinji, sarbo ne ko sanda ko ma fenti mai kauri, yana sa ƙyauren ya riƙa makara in jikin jirgin ya motsa, ya dawo a makare, iska ta ƙara masa, a wani gudu sai abin ya kama kansa yana ƙaruwa, cikin daƙiƙa kaɗan ƙarfe ya yage. Haka in harshe mai motsi yana da lako-lako a hinjinsa ko sandarsa. Tsohuwar ƙa'idar hukumar jiragen Amurka tace lako-lakon bakin harshen kar ya kai kashi 2.5 cikin 100 na faɗinsa, harshe mai santimita 4 kenan milimita 1 tak, kuma ƙurar da muke sha daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga hinji tana cinsa kullum.

A 16 ga Satumba 2011 a tseren jirage na Reno a Amurka, wani P-51 da aka yi wa gyare-gyare mai suna Galloping Ghost ya faɗa wurin zaman 'yan kallo, mutum 11 suka mutu har da matuƙin Jimmy Leeward. Masu bincike sun gano notunan kulle na harshen tirim ɗin wutsiya sun tsufa sun daina riƙewa, kusoshi suka yi sako-sako, karkarwa ta kama shi. Zaka ce ai wancan yana gudun sama da kilomita 800, gaskiya ne, kuma tirim ɗin sama da ƙasa ne ba na gefe ba. To Steve Wittman fa, wanda filin jirgin Oshkosh a Amurka ke ɗauke da sunansa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zana ƙananan jirage, a 1995 shi da matarsa suka rasu a jirgin da ya haɗa da kansa bayan yadin fiffike ya ɓanɓare karkarwa ta biyo baya. Karkarwa ba ta duba girman jirgi ko ƙwarewar mai shi.

In Alhaji ya kafe sai sarbo, to ku rubuta wa Zenith a garin Mexico na jihar Missouri, eh sunan garin kenan, ku gaya musu nauyin da inda zaku sa shi. A taƙaita tafiyar harshen yadda ko maɓalli ya maƙale ya kai shi ƙarshe ƙafa zata iya rinjayarsa, a sa masa fis nasa shi kaɗai da alamar da ke nuna inda yake. Kowanne kuka yi, ko weji ne, a rubuta a littafin jirgi, kuma canji irin na sarbo ku sanar da CCAA, hukumar jiragen sama ta Kamaru, kafin a tashi. A Amurka bayan babban canji awa 5 aƙalla ake gwaji ba fasinja, ku ma ku ɗauki wannan, kai ka zauna a ƙasa ranar.

TAMBAYA, daga wani mai walda a Njamena:

Malam barka da aiki. Ni har yanzu ina kan haɗi ne, mai kujera ɗaya na katako da yadi, zanen Faransa, injin Volkswagen zan sa. Naji ance gara tun yanzu in karkata tsayayyen sashen wutsiya kaɗan zuwa hagu dan kar in buƙaci tirim daga baya. Haka ne?

AMSA:

Malam tsaya, ajiye gam ɗin nan. Wanda ya baka shawarar yana maganar injin Lycoming ko Continental ko Rotax ne, masu juyawa irin na agogo. Yawancin injinan Volkswagen da ake ɗaura wa farfela kai tsaye akasin haka suke juyawa in kana zaune a ciki, saboda haka hancinsu dama yake ja kuma ƙafar hagu ce ke aiki wurin tashi. In ka karkata wutsiya yadda aka ce maka ka ƙara wa ciwon ne, gyaran gangar auzinawa kenan, kuma abinda aka manne da gam cikin katako ba ya kwantuwa da sauƙi. Nace yawanci dan ya danganta da ta wane ƙarshen injin aka ɗaura farfelar, to ka tsaya bayan injinka ka juya shi yadda yake tashi ka gani da idonka, farfelar da zaka saya ko ka sassaƙa ma dole ta dace da wannan juyin.

Shawarata ka bi zanen kamar yadda yake. Faransawa sun daɗe a wannan harka, Jodel D.9 na Édouard Joly da Jean Délémontez tun 1948 yake tashi kuma da yawansu da injin Volkswagen, in mai zane yana son a karkata wutsiya ko a ɗan kautar da inji da washa ya riga ya rubuta adadin a takarda. In bai rubuta ba ka gina a miƙe, bayan tashin farko ɗan harshe zai ɗauke abinda ya rage, shi ana iya cire shi. A ƙyauren yadi ba a buga ribit a yadin, a jikin katakon bakin baya ake ɗaure harshen da ƙananan kusoshi, to tun yanzu kafin ka rufe ka manna ɗan ƙarin katako a wurin ta ciki, gram kaɗan ne.

Kuma tunda baka rufe ba, yanzu ne lokacin zuwa ADAC, hukumar jiragen sama ta Cadi, su ga cikinsa. Kar ka bari sai ka gama ka ja shi bayan gari. Da halin tsaron da ake ciki a yankin tafkin Cadi, abu mai tashi da ba a san da shi ba kusa da Njamena ko Kusiri, ba mai duba jirage ne zai fara zuwa maka ba.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Marwa:

Baba ni dai tambayata, me zai hana a ɗaura robar tib a fedar dama ta riƙa ja, ba sai an huta da duk wannan ba?

AMSA:

Ɗana ka bani dariya amma kanka na ja, dan abinda manyan kamfanoni suka yi kenan, da sifirin ɗin ƙarfe dai. Piper Cherokee yana da ɗan abin murɗawa ƙarƙashin allo da ke ƙara wa sifirin ƙarfi ya ja feda, Cessna 182 ma tirim ɗin gefensa ta sifirin yake bi. Amfaninsa babba ɗaya ne, ba ka ƙara ko gram ɗaya a ƙyauren wutsiya, kuma kana iya canza shi kana sama. Illarsa kuma sifirin bai san gudu ba, ƙarfinsa ɗaya ne ko kana gudu ko kana rarrafe, alhali ƙarfin iska a kan ƙyaure yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu. Wurin sauka da gudu ya ragu sai ya fi ƙarfin buƙata, kuma a ƙasa yana nan yana jan tayar gaba gefe.

Robar tib kam a'a. Rana da mai suna busar da ita ta tsattsage, zata tsinke ne ranar da ta ga dama, kuma guntun da ya tsinke yana iya shiga bayan feda ko birki ya maƙale. In za a yi, sifirin ƙarfe biyu ake sawa ɗaya a kowace feda suna jan juna, a haɗa su da ɗan liba mai kulle a tsakiya, kowane sifirin a zura masa waya ta ciki yadda ko ya karye ba zai yi yawo a ƙasan jirgi ba, kuma kafin a tashi a taka kowace feda har ƙarshe a tabbatar ƙyauren yana kaiwa matsayarsa hagu da dama a duk inda aka ajiye libar.